Sunana ne a jikin alat, amma ba ni na ci kuɗin ba

Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 26, a Ɗorayi nake zaune tare da mahaifiyata. Na gama difloma, aiki bai samu ba. Akwai yayana, ɗan wan babana, da ya buɗe zauren gwanjo a WhatsApp. Duk daren Juma'a yana saka wayoyi da kwamfutoci na hannu, a yi ta tayi har ƙarfe goma, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Mutanen zauren sun fi ɗari huɗu. Ya ba ni layi biyu da sunaye daban, ya ce in na ga tayi ya kwanta in ɗan ɗaga shi, don kada a yi wa kayansa wulaƙanci. Duk mako yana ba ni dubu biyar. Daga baya ya ce asusunsa ya samu matsala, a dinga turo kuɗi ta nawa. Da sun shigo sai in ciro a POS in kai masa, ko in tura inda ya ce. Wata huɗu muka yi a haka.

Mako uku da suka wuce wata malamar firamare ta ci gwanjon kwamfuta a kan dubu 310, za ta saya wa ɗanta da ya samu jami'a. Tayin gaskiya a dubu 240 ya tsaya, ni na yi ta bin ta har ta kai can. Ta biya a daren, har yau ba a kai mata komai ba. Ashe akwai wasu mutum uku irinta, kuɗinsu da nata ya kama dubu 870. Yaya ya rufe zauren, layinsa a kashe, matarsa ta ce ya yi tafiya. Malamar ta bi sunan da ke jikin alat har ta gano gidanmu ta hannun mai unguwa, ta ba ni mako biyu ko ta kai ni wurin 'yan sanda. Ba ta san ni ne mai layukan nan biyu ba.

Ni Kawu ko sisi ban ci ba in ban da dubu biyar ɗin nan. Umma ta ce kada in kuskura in ambaci sunan Yaya a gaban hukuma, zumunci zai lalace, gara in tafi wurin ƙanwarta a Zariya har ƙura ta lafa. Wani abokina kuma ya ce in ce kutse aka yi min a asusu. Barci ya gagare ni. In tafi ne ko in tsaya? Kuma tsakani da Allah, ina da laifi a kuɗin da ban ci ba?

Ɗanka, daga Ɗorayi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Kada ka je Zariya. Na sa wannan a gaba ne domin mako biyun da aka ɗiba maka ba tsaye suke suna jiranka ba. Wanda aka zo nema aka same shi a gida, sunansa wanda ake zargi. Wanda aka zo aka tarar ya tsallake gari, tun kafin alƙali ya buɗe baki unguwa ta gama yanke masa hukunci. Kuma ranar da 'yan sanda suka yi sallama a ƙofarku ba ka nan, Umma ce za ta yafa mayafi ta fito amsa tambayoyi, ita da ko launin kwamfutar ba ta sani ba. Zariya ɗin ma ai ba bayan duniya ba ce. Hannun da ya iso Ɗorayi ba zai kasa isa Tudun Wada ba.

Shawarar abokinka ta fi ta Umma muni, don ita tsoro ne ya sa ta faɗa, shi kuwa rashin sani. Tun 2014 da aka shigo da BVN, kowane asusu a ɗaure yake da yatsun mai shi da fuskarsa. Wane irin mai kutse ne zai shafe watanni yana shiga asusunka duk Juma'a, ya ciri kuɗi da katinka da lambar sirrinka a wurin mai POS ɗin bakin layinku, wanda ya san ka ya san gidanku, kai kuma ko sau ɗaya ba ka taka zuwa banki ka yi kuka ba? Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa ko idon sawunka ba zai rufe ba. Abu ɗaya ya rage maka mai daraja a yanzu, wato in ka yi magana a yarda. Kada ka zubar da shi.

Sai tambayarka ta biyu, wadda na san ita ce take hana ka runtsawa. Ka ce ba ka ci komai ba sai dubu biyar. To mu tsaya a kan dubu biyar ɗin. Ladan me ce?

Gwanjo ba baƙo ba ne a garin nan. Har tufafin da ake kwancewa daga dila a Ƙofar Wambai da sunansa muke kiransu. Addini ma bai hana shi ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga wata shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa na wani mabuƙaci, ya tambayi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. Amma ka lura, a kan ƙafa ɗaya gwanjo yake tsaye: duk wanda ya taya da gaske yake, in aka ce an sallama zai sa hannu a aljihu. Ka tumɓuke wannan ƙafar, abin da ya rage wasan kwaikwayo ne, mutum ɗaya ne a cikinsa bai san wasa ake ba, shi ne kuma mai biya.

Ka sa kanka a wurin malamar nan a daren. Alli ta sani, da rijistar ɗalibai, da ranar da albashi ke shigowa. Ba ta san abin da ke cikin kwamfuta ba, ba ta riƙe ta a hannu ba, hoto kawai ta gani. To da me za ta auna kimarta? Da sauran masu tayi. Da ta ga wani ya ce 260, sai zuciyarta ta ce mata wannan ya san kan abin, ba zai zuba kuɗinsa a banza ba. Da ta ga na biyu ya ce 280, sai ta ƙara sakankancewa. Mutum biyun nan duk kai ne, a kwance a ɗakinka da waya a ƙirji. Wato abin da ka sayar wa Yaya duk mako a kan dubu biyar shi ne shaida. Kowane tayi shaida ne a gaban jama'a cewa kayan nan sun kai haka a wurina. Kai kuma ka san ba su kai ba, ba ka da niyyar saye, ba ka ma da kuɗin. Ka san sunan irin wannan shaidar, ba sai na faɗa maka ba.

Mu da muka tashi muna ganin 'yan wala-wala a bakin tasha mun san salon. Mai shimfiɗa kati ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai wani cikin 'yan kallo, da kayansa fes, da zai saka kuɗi ya ci, ya yi shewa ya ƙirga a gaban kowa, don baƙon da ya sauko daga mota ya ga abin da sauƙi. Ban taɓa jin wanda ya wanke mai shewar nan don ba shi ya riƙe katin ba. Bambancin kawai, a tasha ko a kasuwa fuska ake gani. Mutumin da kullum yana tayi bai taɓa saye ba, kasuwa uku ta yi yawa an gane shi, dillali kuma yana da suna, yana da rumfa, yana da shugabannin da za a kai ƙararsa. A zauren WhatsApp kuwa mutum lamba ne da hoton masallaci ko na mota. Ga kuma ƙarfe goma da aka kafa, wadda aikinta shi ne ta hana mai saye numfashi balle ya kira wani ya yi shawara.

Malaman fiƙihu sun daɗe da raɗa wa abin nan suna, najashu suke ce masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya hana shi. Imam Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da cewa ka taya kaya sama da kimarsu alhali saye ba ya ranka, don wani ya yi koyi da kai. Ka ji fa, kamar yana cikin zaurenku. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, in mai kaya ya san da najashun, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa, in kuma kayan sun salwanta a koma ga ainihin kimarsu. Abin da wannan yake nufi gare ka yana da nauyi, kuma na lura ko kusa wasiƙarka ba ta taɓo shi ba. Mutum huɗu kake lissafi, waɗanda ba a kai wa kaya ba. Akwai sauran, waɗanda aka kai musu wayoyinsu suka yi godiya, har wataƙila suka turo addu'a a zaure, alhali kowannensu ya biya ƙarin da kai ka ɗora masa. Su ba su zo gidanku ba don ba su san an cuce su ba. Rashin saninsu bai sauke haƙƙinsu ba.

Hujjar Yaya kuwa, wai kada a yi wa kaya wulaƙanci, ba ta karɓuwa ko a wurin yaron shago. Hausa ta tanadar wa mai kaya kalma guda don wannan ranar: albarka. An taya bai yi maka ba, ka ce albarka, ka mayar da kayanka. Ko tun farko ka shelanta cewa ƙasa da kaza ba ka sallamawa. Duk wannan halal ne, a fili yake. Yaya ya bar hanyar da ba ta cin ko kwabo, ya zaɓi wadda ke cin dubu biyar duk mako, don ya san abin da take dawo masa da shi ya ninka haka.

Kada kuma ka ɗauka tsaurin malamai ne kawai. Dandalin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995 kuma ya yi suna da gwanjon intanet, ya haramta wa mai kaya ya sa ɗan'uwansa ko abokinsa ko ma'aikacinsa ya taya don ɗaga farashi. A shekarar 2000 an yi gwanjon wani zanen bogi a can, tayi ya haura dala dubu 135, daga baya aka gano masu shi suna taya wa junansu kaya da sunaye barkatai, kuma maganar a kotun tarayya ta ƙare. Ka ga abin da ka ɗauka ɗan taimako ne ga ɗan'uwa, ko inda ba a karanta Muwaɗɗa ba zamba ake kiransa.

Yanzu maganar asusu. A nan ina tausaya maka ƙwarai, don kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ka tambayi kanka, wace irin matsala ce asusu zai yi wata da watanni ba a gyara ba, a zamanin da mutum ke buɗe sabo daga wayarsa kafin shayi ya huce? Ko dai tun farko Yaya ya shirya ranar da zai kashe layi, ya yi ta kai kaya lafiya don a saki jiki kafin ya kwashe na ƙarshe, ko kuma bashi ne ya sha kansa, yana sayar da abin da babu a hannunsa, yana biyan na jiya da kuɗin na yau har igiyar ta tsinke. Ko wanne ne, abu ɗaya ya tabbata: ya so in ranar ta zo, sunan da zai fito a jikin alat ya zama ba nasa ba. Aron suna shi ne jarin masu wannan sana'ar. Hukumar Kwastam ta fara nata gwanjon na intanet a 2017, kuma ta sha fitowa tana gargaɗi a kan shafukan Facebook masu tallar motocin gwanjo da hoton wani cikin kaki, suna cewa a tura kuɗin fom ta asusun wani mutum. Waɗancan sunan hukuma suka ara ba da saninta ba. Yaya naka ya ara, kai kuma da hannunka ka miƙa.

Ga yadda doka take kallon abin. A kotunan majistare na nan Kano irin wannan ƙarar takan zo da tuhuma uku a jere, haɗa baki da cin amana da damfara, sassa na 97 da 312 da 322 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Final Kod. In kuma ta faɗa hannun EFCC, wadda ofishinta na Kano yake wajen Sansanin Alhazai, akwai dokar zamba ta 2006 da ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 babu zaɓin tara, kuma ta daidaita wanda ya aikata da wanda ya taimaka ko ya haɗa baki. Ban kawo wannan don in tsinka maka zuciya ba. Na kawo ne don ka gane abin da zai raba ka da Yaya a idon mai bincike, wato sani da niyya. Ka ce ba ka san ba za a kai kayan ba, ni na yarda da kai. Sai dai yardata ba ta da amfani a caji ofis. Takarda ce mai amfani, da halin da ka nuna bayan abin ya fashe.

Saboda haka tun daren yau kada ka goge komai. Na san hannunka yana ƙaiƙayi a kan layukan nan biyu, kana jin kamar ka karya su ka watsa a kwata. Bar su. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma kamfanin waya yana iya gane wayar da aka saka layi a cikinta, don haka karya su ba zai ɓatar da sawu ba, zai dai nuna ka yi ƙoƙarin ɓatarwa. Ka adana duk hirarku da Yaya, musamman saƙonnin murya inda yake cewa ka ɗaga tayi, ko ka ciro kaza, ko ka tura wa wane. Ka ɗauki hotunansu ka ajiye kwafi a wata wayar. Gobe da safe ka je banki ka karɓi takardar shige da ficen kuɗin asusunka ta duk watannin nan, ka zauna da biro, kowane kuɗi da ya shigo ka rubuta na wane ne, ina ya tafi, ranar yaushe. In akwai ragowar kuɗin wani a ciki kada ka taɓa ko naira ɗaya. Daga nan sai lauya, kafin ka buɗe baki a gaban kowa. In babu halin ɗauka, akwai hukumar Legal Aid Council da gwamnatin tarayya ta kafa don masu ƙaramin ƙarfi, tana da ofishi a Kano. Ka gaya masa duka, har da layukan. Mai ɓoye wa likita ciwo kansa ya cuta.

Da takardun nan a hannu za ka je wurin Baffanka, mahaifin Yaya, ba kai kaɗai ba, tare da wani babba da yake jin nauyinsa. Ka shimfiɗa masa lissafin, ka gaya masa ranar da wa'adi zai cika, ka ce masa cikin ladabi duk wanda ya tambaye ka inda kuɗin suka tafi gaskiya za ka faɗa. Ba barazana ba ce, sanarwa ce, kuma ita ce mutuncin da zumunci yake bin ka: su ji daga bakinka kafin su ji daga bakin ɗan sanda. Na sha ganin yadda wanda aka ce ya yi tafiya ba a san inda yake ba, yake ɓullowa cikin kwana biyu da zarar uba ya gane maganar ta kusa fita daga gida. Matar da ta ce ya yi tafiya ai da wani layin suke gaisawa. In gidan suna da fili ko babur ko wata kadara tasa, wannan ne lokacin da za a taɓa ta.

Umma kuwa ka bi ta a hankali. Ba son zalunci take ba. Tana hango ranar suna da ranar biki da za a juya mata baya a tsakar gidan dangin mijinta, a ce ɗanta ne ya kai ɗan'uwansa. Wannan tsoron gaskiya ne, kuma ita za ta zauna da shi, ba ni ba. Kada ka yi mata gardama, kada ka ce mata ina zumuncin yake ranar da Yaya ya saka sunanka a bakin kura, ko da yake tambayar tana nan. Ka samo wanda take jin maganarsa, yayanta ko limamin unguwa, ya tuna mata aya ta 135 a Suratun Nisa'i, inda aka umarce mu da tsayuwa da shaidar gaskiya ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye ko makusanta, da hadisin da ya ce taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe masa hannu. Gaskiya ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a kuma naɗe shi cikin riga a ce ya warke. Wanda ka samo ɗin ya kuma faɗa mata a fili cewa shirun da take nema ba zai ceci Yaya ba, ɗanta kawai zai sa a madadinsa.

Sannan malamar. Kada ka jira wa'adi ya cika, kai za ka nemi zama, a gaban mai unguwar da ya kawo ta, da babbanka, bayan ka ji ta bakin lauya. Matar nan ta yi maka abin da da yawa ba za su yi ba: ta bi ta hannun mai unguwa, ta ba ka lokaci, alhali tana iya zuwa da mota tun ranar farko. A ganina ka gaya mata maganar layukan da bakinka. Za ta ji zafi, mai yiwuwa ta faɗi abin da ba za ka so ji ba, kuma ta isa. Amma gara ta ji daga gare ka da ta ji a ofishin bincike, inda zai zama abin da aka bankaɗo. Lauyanka zai tsara maka yadda za ka faɗa da lokacin faɗa, amma kada ka nemi ya tsara maka yadda za ka binne.

Abu biyu ka kiyaye a zaman. Kada tsoro ya sa ka sa hannu a takardar cewa za ka biya dubu 870 nan da ƙarshen wata alhali ba ka da hanyar ko rabinsu. Alkawarin da aka rubuta aka saɓa ya fi rashinsa illa, don shi zai sa a ce dama halinka ne. Ka faɗi abin da za ka iya, a rubuta, a sa shaidu, kowane biya kuma ya bi ta banki don ya bar sawu. Kada kuma ka roƙe ta ta rufa asiri, ko ka sa yafiya ta zama sharaɗin biya. Kai ƙara haƙƙinta ne, ita da sauran ukun, ko wurin 'yan sanda, ko kotu, ko su nemi sulhu a Hisbah. In sun zaɓi su kai, ka je da ƙafarka da takardunka ka ba da bayani. Asalin bashin nan a wuyan Yaya yake, amma ta ƙofarka kuɗin suka shiga, don haka ka shirya wa cewa kai za a fara riƙewa har sai ya bayyana.

Dubu biyar ɗinka kuwa na buga lissafinta, wata huɗu ta kama wajen dubu 85. Wannan ba ta jiran dawowar Yaya, ba ta jiran hukuncin kowa. Ka fitar da ita daga jikinka ko da wayarka za ka kai Farm Centre ka sayar ka koma ƙaramar. Ni da ni ne da malamar zan fara, don dubu 70 na abin da ta tura kai ka tura ta ga biyansu da yatsanka. Sauran kuma, tunda hirar zauren tana wayarka, ka bi ta mako mako, ka ga inda tayin gaskiya ya tsaya da inda aka sallama, ka rubuta suna da bambanci. Adadin zai fi ƙarfinka, na sani, kuma ba a kanka kaɗai yake ba. Amma ka san shi tukuna. Ka nemi mutanen ɗaya bayan ɗaya, wani zai yafe, wani zai ce a biya shi, wani zai zage ka ya kashe waya. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika a kan sallaya kaɗai.

Masu karatu da ke cikin irin waɗannan zaurukan, ga ɗan abin da za ku ɗauka a gurguje: in sunan da ke kan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku tsaya nan. Ku ce a haɗu a shagon da aka sani, a Farm Centre ko titin Beirut, a kunna kaya a gabanku kafin kuɗi su fita. Ku kuma dinga lura da lambobin da kullum suna cikin tayi amma ba a taɓa jin sun karɓi kaya ba.

Kai kuma ɗana, in kun zauna da malamar, kafin ka fara zaro takardu da bayanin wane ya ce wane ya yi, ka fara tambayarta ranar da ɗanta zai tafi makaranta. Da wannan ranar za a tsara biyan farko, ita za ka kai wa Baffanka. Ka rubuto min bayan zaman, ina so in ji ko yaron ya tafi da kwamfuta.

Kawunka.